Sitikar da Ke Ƙarƙashin Kwamfuta: Tarihin Faifan Ɗori da Sabon Zubi

Maƙalar wannan mako ta samo asali ne daga wata 'yar gardama da muka yi a shagon wani mai gyaran kwamfuta a Ƙauran Namoda. Mun ɗauko kwamfutar cinya ta ƙanenmu daga nan Birnin Tsaba, irin ta gwanjo ɗin nan da kowa ke saye, ta yi nauyi har sai mutum ya gama shan shayi kafin ta buɗe. Mai gyara ko dubawa bai yi ba ya ce sai an yi mata fomatin. Cikin awa ɗaya ya share komai, ya zuba sabon Windows daga filashinsa, ya karɓi kuɗinsa. Da muka kunna sai ga wani ɗan rubutu dishi-dishi a kusurwar allo ta ƙasa yana cewa a je a tabbatar da Windows. Muka kifa kwamfutar muka nuna masa sitikar da ke manne a ƙarƙashinta, wadda ke ɗauke da sunan Windows 7 Professional da wasu lambobi da suka fara gogewa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ado ne na Turawa."

Ba ado ba ne. Wannan 'yar takarda shaida ce ta kuɗin da wani ya riga ya biya, kuma tana da tarihi.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, wanda ya sayi Windows bai sayi Windows ba. Izinin amfani ya saya, wato lasisi. Mu mutanen karkara ba sai an daɗe ana yi mana bayani ba, domin mun san bambancin gonar gado da gonar aro da gonar haya. Duk noma ake yi a cikinsu, amma ba kowace ce za ka sayar ko ka bar wa ɗanka ba. Haka lasisin Windows ya kasu. Akwai cikakke, wanda ake saye a kwali, mai shi na iya cire shi daga wannan kwamfuta ya mayar kan wata. Akwai na masana'anta, wanda kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo ke zubawa tun kafin na'ura ta bar wurinsu. Shi wannan a ɗaure yake da na'urar, tare suke rayuwa tare suke mutuwa, kuma sitikar nan ita ce shaidarsa. Sai na uku, wanda ya fi kowanne jawo rigima, shi ne wanda za mu kira lasisin ɗori. A da ana sayar da shi da rahusa ga wanda yake da tsohon Windows na halal yana so ya hau sabo. Kamar mai gidan ƙasa ne da zai ɗora bene: dole akwai ginin farko a ƙasa.

Rigimar kuwa a kan tambaya ɗaya take. Idan da faifan ɗori ne a hannunka, kana da damar share rumbun kwamfutar tas ka yi sabon zubi, ko dole sai ka ɗora a kan tsohon yana nan da dattinsa?

Tun farko ma'abota kwamfuta ba su ɗauki manhaja a matsayin abin sayarwa ba, musayarta suke yi kamar yadda muke aron littafi. A watan Fabrairu 1976 Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zarginsu da kwafar manhajar kamfaninsa ba tare da biya ba. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa a 1981 da manhajar DOS ta Microsoft, sai Gates ya riƙe wa kansa damar ba wasu kamfanoni lasisin manhajar. A kan wannan dabara aka gina duk arzikin Microsoft: kowace na'ura da lasisinta.

A zamanin Windows 95, wanda ya fito ranar 24 ga Agusta 1995, da Windows 98 da ya biyo baya, abin da sauƙi. Idan ka sa faifan ɗori a kwamfutar da babu komai a cikinta, zai tsaya ya nemi ka nuna masa tsohon faifanka. Ka saka, ya duba, ka cire, ya ci gaba. Kamar mai gadi ne da zai ce nuna katinka ka wuce. Har Windows XP, wanda ya fito ranar 25 ga Oktoba 2001, haka ake yi. Matsalar wannan tsari a fili take: faifan Windows 98 guda ɗaya na iya zagaye unguwa, kowa ya nuna shi ya wuce. Ga kuma ratar farashi mai jan hankali, domin XP na gida dala 99 ne na ɗori, cikakke kuwa dala 199.

XP ɗin ne ya zo da sabon abu, wato tabbatarwa. Bayan ka zuba, kana da kwana 30 ka haɗa na'urar da Microsoft ta intanet ko ta tarho, a ƙulla lambobin makullinka guda 25 da kayan cikin kwamfutarka. A nan ya kamata mu tsaya mu tuna inda muke a lokacin. A watan Agusta na wannan shekarar ta 2001 ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, a manyan birane kawai. Jihar Zamfara kanta shekararta 5 da kafuwa. Wanda ke Zurmi ko Shinkafi da wace waya zai kira Microsoft? An tsara dokar ne domin mai tarho a ɗaki da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Sai kasuwa ta nema wa kanta hanya. Akwai wani nau'in XP da aka yi domin manyan kamfanoni wanda ba ya neman tabbatarwa, makullinsa ya ɓulla a intanet tun kafin a ƙaddamar da XP ɗin. Irin wannan faifai ne aka yi ta bugawa, ya taso daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba a Legas, ya biyo ta titin Beirut a Kano, ya sauka Gusau, ya ƙaraso shagunan buga takardu na Ƙaura. Yawancinmu a kan irinsa muka koyi riƙe linzamin kwamfuta, ba mu taɓa jin ana cewa lasisi ba. Da Microsoft ya ɓullo da shirin tantance na gaskiya da na jabu a 2005, ya fara aiko da gargaɗi a allo a 2006, mu bai dame mu ba sosai, tunda kwamfutar da ba ta taɓa shiga intanet ba wa zai aiko mata da saƙo?

Windows Vista, wanda ya shiga kasuwa ranar 30 ga Janairu 2007, shi ya rufe ƙofar nuna faifai. Aka ce makullin ɗori ba zai yi aiki ba sai an fara zubin daga cikin tsohon Windows yana kunne. Ma'ana, ranar da rumbunka ya mutu ka sayo sabo, sai ka fara zuba XP, sannan ka ɗora Vista. Mutane suka yi ca. Ba a yi makonni ba masu rubutu kan harkar kwamfuta suka gano wata ɓaraka: faifan yana yarda ka zuba Vista ba tare da makulli ba a matsayin gwaji na kwana 30, sannan ka sake sa faifan ka ɗora Vista a kan Vista. Na'urar sai ta ga akwai Windows a ƙasa, ta karɓi makullin ɗori. Zubi biyu ke nan. Microsoft bai toshe wannan hanya ba, har ta gangaro zuwa Windows 7.

A kan Windows 7 ne gardamar ta fi zafi, kuma a nan ne ma'anar dokar ta fito sosai. Ya fito ranar 22 ga Oktoba 2009, nau'in gida dala 119.99 na ɗori, 199.99 cikakke, nau'in Professional kuwa 199.99 da 299.99. Abin ban dariya shi ne, mai XP ya cancanci farashin ɗori, amma Windows 7 ba ya iya hawa kan XP kai tsaye, dole sai an yi sabon zubi. Wato kamfanin da kansa ya tilasta wa miliyoyin mutane yin sabon zubi da faifan ɗori. Wanda ya fara zubin XP na nan a rumbu, lafiya lau. Wanda kuwa ya riga ya share, ko ya sa sabon rumbu, sai makullin ya ƙi, a nuna masa lambar kuskure 0xC004F061. Dabarar zubi biyu da wata ta taɓa rajistar na'ura suka bazu ko'ina. A ƙarshen watan ne wani jami'in Microsoft mai suna Eric Ligman ya fito ya yi rubutu da kakkausar murya, yana nuna cewa don abu ya yiwu a na'ura ba shi ke nufin ya halatta ba. Aka yi masa ca shi ma, domin mutane da yawa masu lasisi na gaskiya sun ji kamar ɓarayi ya kira su. Da ƙura ta lafa, abin da aka tsaya a kai shi ne: ba yadda ka zuba ake dubawa ba, na'urar ake dubawa. Idan kwamfutar tana da lasisin XP ko Vista na halal, share ta yadda kake so ka zuba da faifan ɗori, kana kan daidai. Idan ba ta da shi, ko ka zuba sau goma ba ka da lasisi. Sannan da zarar ka yi ɗori, tsohon lasisin ya narke cikin sabon, ba ka da damar ba ƙanenka shi ya sa a tasa.

A ganinmu wannan hukunci yana da ma'ana. Abin da ba shi da ma'ana shi ne a yi faifan da ke wahalar da mai gaskiya, alhali mai faifan jabu na zubawa cikin minti 30 ba wanda ya tambaye shi komai.

Akwai wani ɓangare na dokar ɗori da ya shafi makarantu da ofisoshi, wanda mutane ƙalilan suka sani. Lasisin sari da Microsoft ke sayar wa ma'aikatu da makarantu na Windows, shi ma na ɗori ne. Idan ɗan kwangila ya kawo kwamfutoci 50 da babu lasisin masana'anta a kansu don su fi araha, aka zuba musu Windows na sari, an ɗora bene ne a kan iska. Wanda zai kwana ciki kuwa shi ne wanda ya sa hannu ya karɓa. Haka ta faru da Aleksandr Ponosov, shugaban wata makarantar ƙauye a yankin Perm na Rasha, wanda aka gurfanar saboda kwamfutoci 12 da aka kawo wa makarantarsa da Windows marar lasisi. Har tsohon shugaba Gorbachev sai da ya rubuta wa Bill Gates wasiƙa a 2007 yana neman a sa baki. An ci shi tarar rubul 5,000 a watan Mayu na shekarar, sai a Disamba 2008 aka wanke shi. Duk mai riƙe da makaranta ko cibiyar jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya dace ya san wannan labari.

Mu ma a Nijeriya an taɓa yin tamu takaddamar a 2007 ɗin. An yi cinikin ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta na Intel guda 17,000 ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Kwatsam sai shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Steve Ballmer na Microsoft a ƙarshen Oktoba, yana kukan cewa ana shirin share Linux ɗin a zuba Windows bayan an biya. Daga baya asusun gwamnati da ke biyan kuɗin mafi yawan na'urorin ya ce zai ci gaba da Mandriva. Mun kawo wannan ne don a ga cewa abin da ake zubawa a kwamfutar ɗan makaranta ba ƙaramin ciniki ba ne a wurin masu shi.

To, ina doka da addini? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988 ta sa manhajar kwamfuta cikin jerin ayyukan rubutu, sahu ɗaya da littafi, kuma sabuwar dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta bar ta a nan. A watan Disamba na 1988 ɗin Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira abin karewa ne a shari'a. Mu da ke ƙungiyar marubuta, wannan magana tana ɗan sosa mana inda ke ƙaiƙayi. Mun iya kuka idan aka ɗauki littafinmu aka watsa a WhatsApp, mun ga yadda masu buga faifan sata suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa, amma littafin da muke kuka a kansa a kan Windows na sata muka buga shi. Ba mu kaɗai ba ne, rahoton ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA na 2018 ya ƙiyasta kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutocin Nijeriya ba su da lasisi. Sai dai abin takaicin a nan daban ne. Yawancin kwamfutocin gwanjon da ke hannunmu da lasisinsu suka zo. Wani ofishi a Ingila ko Jamus ko Amurka ya riga ya biya, lasisin kuma na biye da na'urar duk inda ta je. Mu ne muka riƙa share halal muna zuba jabu a kanta, saboda filashin mai gyara nau'i ɗaya ne a ciki, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana amfanin sitikar.

Daga Windows 8, wanda ya fito a Oktoba 2012, aka daina buga makulli a sitika, aka koma binne shi cikin babban allon na'urar, yadda zai fito da kansa idan an zuba nau'in da ya dace. Sai babbar garaɓasa ta zo ranar 29 ga Yuli 2015: duk mai Windows 7 ko 8.1 na halal ya hau Windows 10 kyauta har tsawon shekara guda. Tsohuwar dokar ɗori ta dawo da sabuwar riga. Da farko sai ka ɗora a kan tsohon, Microsoft ya ɗauki siffar na'urarka ya ajiye a wurinsa, daga nan ko sau nawa ka share ka sake zubi, da ta shiga intanet za ta tabbatar da kanta ba tare da makulli ba. A watan Nuwamba na shekarar aka sauƙaƙa, aka yarda a yi sabon zubi kai tsaye a shigar da lambobin sitikar Windows 7. A takarda garaɓasar ta ƙare ranar 29 ga Yuli 2016, amma ƙofar ta zauna a buɗe shekara 7 bayan haka.

Shekara 8 ke nan jimilla sitikar da mai gyara ya kira ado tana iya zama Windows 10 na halal ba ko kwabo. Mu nawa ne a nan muka ci moriyarta? Sauke faifan kaɗai yana cin data ta gigabayit da yawa, ga wuta sai an yi sa'a, ga sabis da sai an hau tudu. A farkon Satumba 2021 ma aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, muka yi makonni sai wanda ya fita jihar ke iya aika saƙo. Ana cikin wannan duhu Windows 11 ya fito, ranar 5 ga Oktoba 2021, da sharuɗɗan da suka zubar da mafi yawan na'urorinmu, domin yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. A watan Satumba 2023 Microsoft ya sanar da rufe ƙofar makullan Windows 7 da 8. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma wa'adin kulawa da Windows 10 ya cika, kamar yadda na XP ya cika a Afrilu 2014, na Windows 7 a Janairu 2020.

Duk da haka ba komai ne ya tafi ba. Na'urar da aka taɓa yi wa ɗori kafin a rufe ƙofa, lasisinta na nan ajiye a wurin Microsoft, fomatin ba ya goge shi. Sharaɗin kawai shi ne a zuba nau'in da aka yi mata rajista da shi: mai Home a zuba Home, mai Professional a zuba Pro. Idan aka zuba wani nau'i daban, kamar Enterprise da masu gyara ke yawan yawo da shi, na'urar ba za ta gane lasisinta ba, sai rubutun nan na kusurwa ya fito, sai kuma a kawo wata manhajar fasa ƙwauri a rufe masa baki, wadda ba wanda ya san abin da ta shigo da shi.

Abin da ya samu kwamfutar ƙanenmu ke nan. Enterprise aka zuba mata. Muka nemi wani abokinmu da ya sauke faifan Windows 10 daga shafin Microsoft, muka sake sharewa, da aka nemi makulli muka tsallake, muka zaɓi Pro kamar yadda sitikar ta nuna. Muka haɗa ta da intanet ɗin waya a Ƙaura, inda sabis ya fi ƙarfi. Ba a yi minti biyar ba rubutun ya ɓace, ta nuna an tabbatar. Ashe tsohon mai ita, wanda ba mu san sunansa ko ƙasarsa ba, ya riga ya yi mata ɗori kafin ya rabu da ita. Abokin namu ya yi murna ya ɗauko tasa, mai irin sitikar sak, muka bi hanya ɗaya. Tasa ba ta tabbatu ba, muka shigar da lambobin sitikar ta ƙi karɓa. Yanzu yana shawara tsakanin ya sayi lasisi, ko ya gwada Linux Mint da ake bayarwa kyauta, ko ya zauna da rubutun a kusurwa. Babi biyu na aikin kammala karatun ƙanenmu da suka tafi a fomatin ɗin farko kuwa, sai da ya sake buga su daga takardun da ya rubuta da hannu.